Madacin Dada

Duk karar shanun da ke ci a ƙasar Haɗeja babu dillalin da ya kai ni riƙe magana a ka. Ba yabon kai ba ne, baiwa ce. In ka faɗa mini abu ina cikin zanin goyo, yau zan maimaita maka shi har da tarin da ka yi a tsakiya. Saniya kuwa in ta gifta ta gabana sau ɗaya, ko bayan shekaru aka yanka ta aka yi kilishi, ina sa shi a baki zan gaya maka garken da ta fito. Shi ya sa abokan sana'a ke kira na Hamidu Kaset. Wasu na cewa don ba na yin shiru ne, amma mahassada ba a rasa su a ko'ina. Abin da na fi taƙama da shi a wannan kan nawa shi ne tatsuniyoyin kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Dada. Na riƙe su tsaf, daga bakin farko har na ƙarshe.

Yau da fushi na zauna rubuta ɗaya daga ciki, domin an kashe wa Dada itace. Madaci ne, shi kaɗai ya rage a tudun da gidanmu ke sauka da shanu, can tsakanin Baturiya da Guri. A jikinsa muke sassaƙo ɓawon da ake jiƙa wa shanu kafin su gangara fadama. Garken da ƙanena Buba ke kiwo shi ne duk abin da mahaifinmu ya bar mana, kuma tun da na yi wayo garken nan bai taɓa taka fadama ba tare da ya sha jiƙon ba. Bana zai taka.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai tashi a ruga ba ya gane.

Idan kaka ta wuce, ruwan da ya malale fadama ya fara ja da baya, sai ƙasa ta buɗe kore shar har iyakar ganinka. Ciyawar burugu ce, mai zaƙi, wadda saniya ke jin ƙanshinta tun daga nesa ta fara kuka. Amma ba a sakin shanu nan take. Sai mu kafa bukkoki a tudu mu jira. Da almuru a tara busasshen kashin shanu da ɗanyen ganye a cinna, don hayaƙi ya kori sauro. Wanda bai san sauron fadamar Haɗeja ba bai san sauro ba. Na taɓa ganin biyu sun ɗaga maraƙi suna shawarar ko a nan za su ci shi ko su kai gida. Shanu kan zo su kewaye hayaƙin, idanunsu na hawaye suna tuƙa, mu kuma yara mu matsa ta ɗaya gefen inda Dada ta shimfiɗa fatarta. Kafin ta buɗe baki sai ta tona toka mai zafi ta binne gyaɗa. Ni kullum wurina na kusa da tokar, saboda na fi kowa son ilimi.

"Maigida, yau ma hannu rabbana ka dawo?" haka take tarbata. "Miji ba cefane sai buɗe baki."

"Na sake ki, tsohuwa."

"To, madalla. Matsa daga jikin gyaɗata, tunda ba aure."

Da rana kuwa aikinta daban ne. A kwanakin jiran nan takan ɗauki gizago ta nufi itatuwa. A lokacin madatai sun yi layi a tudun, ga bagaruwa, ga kalgo. Ba ta taɓa zagaye itace da sara ba. Gefe guda take zaɓa, ta ɓanɓaro ɓawo mai faɗin tafin hannu, kuma ba gefen da aka taɓa bara ba. In ta gama sai ta kwaɓa ɗanyen kashin shanu da laka ta shafe wurin kamar mai yaɓen ɗaki, tana cewa, "Sannu baba, ka yi haƙuri da mu." A shanya ɓawon, a daka da 'ya'yan bagaruwa kaɗan, a jiƙa da kanwa a cikin komi, shanu su riƙa sha da safe na 'yan kwanaki. A gidanmu baurin gangara muke ce masa. Ma'auninsa harshen Dada ne. Takan ce ana son ɗacin da zai sa saniya ta yamutsa hanci, ba wanda zai sa ta juya baya ba. Sau ɗaya na sa yatsa na lasa. Har yau in na tuna ina shan shayi, sai na ƙara sukari.

Tatsuniyar baurin nan ita ce ta fi yi mana a kwanakin jira. Ba ta buɗe ta irin yadda ake yi a gari. Cewa take, "Ga ta nan tafe da ƙafa huɗu." Mu kuma mu amsa, "Ta iso mu tatse ta."

Wai da Allah ya halicci saniya, sai ya zuba mata masu gadi a cikinta, 'yan mitsi-mitsi, ba su kai ƙwayar gero ba, kowanne da 'yar gorarsa. Aikinsu duk ɓarawon ciwo da ya leƙo su rufe shi da duka. Jarumai ne, sai dai suna da aibi guda: barci. Abu mai zaƙi na saukowa cikin saniya sai su yi hamma su jingine gora. Shi kuma Kogi yana da ciyawa mai zaƙi, amma a gindin ciyawar akwai Katantanwa, wadda ita ce mai masaukin ɓarayi. Don haka tsohuwar saniyar garke ta kafa doka: kafin a gangara wurin Kogi, sai an bi an gai da dattawan tudu, wato Madaci da Bagaruwa da Kalgo. Su kuwa dattawan nan ba su da abin tarbar baƙo sai ɗaci. Da ɗacin ya sauka ciki, masu gadi su zabura suna tofar da yawu suna cewa, "Wane mara mutunci ne ya watsa mana wannan?" Haushi ya hana su komawa barci har rani ya wuce.

A nan na taɓa katse ta na ce, "Dada, ni ma akwai masu gadi a cikina?"

"Naka tuwo ya danne su tun tuni. Yi mana shiru."

To, akwai wata karsana, Fure, fara tas mai idanu kamar an sa mata kwalli. Ta ce ita bakinta ba na ɗaci ba ne. Ba ta tsaya nan ba, ta je ta sami mai gatari ta ce masa, "Tsofaffin can inuwarsu ce ke hana ciyawa fitowa. Kwantar da su mu huta da gaisuwa." Ya kwantar da su. Fure ta gangara fadama ta sa kai a burugu. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, har bijimai na karo da juna wajen kallonta. Masu gadi kuwa minshari kawai suke. Ɓarawo ya fito daga gidan Katantanwa ya bi ciyawa ya shige, ya zarce hanta, ya ga wuri babu kowa, ya koma ya kwaso matarsa da 'ya'yansa da surukai. Kafin zafi ya tsaya, haɓar Fure ta kumbura, haƙarƙari ya fito, gashi ya tashi. Ta ja jiki ta hau tudu neman dattawa, ta tarar da kututture. Ta kwanta a gindin na Madaci tana kuka.

Yayarmu mace, Adda Hajjo, ta taɓa tambaya ko me zai hana a nemo ɗacin a ba ta a lokacin. Dada ta ce, "Mai gadi ƙofa yake tsarewa, 'yar nan. In ɓarawo ya riga ya shimfiɗa tabarma a ɗaka, sai an kira waɗanda suka fi shi ƙarfi." Shi ya sa ko a zamaninta ba ta hana a kai saniyar da ta kwanta wurin malamin dabbobi ba. Bauri na lafiyayyu ne.

Daidai wurin kututturen nan Dada kan yi ƙasa da murya, hayaƙi ya kwanta, shanu su yi tsit. A nan tatsuniyar take tsayawa. Wani abin da na lura da shi game da Dada, ita ba ta rufe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Tata sai dai ta yi ta yin ƙasa-ƙasa, ka buɗe ido ka ga gari ya waye kana cikin bukka. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa wannan ita ce gwanintarta.

Shekaru suka tura. Dada ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ni na shigo gari na kama dillanci, Buba ya zauna da shanu. Itatuwan tudu suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya: wannan masu gawayi, wancan mai faɗaɗa gonar shinkafa, wani kuma ya tafi jikin kwalekwale. Madaci guda ya tsira, babba, wanda mutum biyu ba sa haɗa hannu a jikinsa. Buba ya ci gaba da yi masa yadda Dada ke yi, gefe guda, faɗin tafin hannu, a shafe da kashin shanu. Yana kuma ba shanu maganin hanta na asibitin dabbobi a kan lokaci, bai taɓa cewa ɗaya ya wadatar ba.

Sai ga wani sabon yayi ya shigo kara. Kowa haɗin itatuwa, kowa garkuwar jiki. Wani malamin dabbobi da muke shan shayi tare ya ce mini ai har masana yanzu suna duba ganyaye da ɓawon itace da ake gauraya wa shanun nama a abinci, ko za su ƙara musu ƙarfin jure ciwo. Ya ce wasu abubuwan da alamar amfani, wasu ba a tabbatar ba tukuna, kuma in aka zarce ma'auni cutarwa suke. Na ce masa, "Malam, garkuwar jikin nan taku ai masu gadin Dada ne aka ɗauka aikin gwamnati." Da farko har daɗi na ji. Na ce ga shi duniya ta zagayo ta iske tsohuwa a inda ta bar ta.

Ban san masu gatari ne suka zagayo ba.

Akwai wani Ila a kararmu, da igiya yake sayarwa. Rana ɗaya muka wayi gari ya zama Ila Mai Haɗi, da lasifika da tebur da tulin garin magani a leda. A jikin ledar an buga hoton wani bijimi mai ƙirji kamar gaban tirela. Masu turkar shanu suka yi masa caa. Ba harshe, ba ma'auni, mutum ya dumbuza da hannu ya watsa a dusa, wai in kaɗan na da amfani to mai yawa ya fi. Na ga bijimin da ya juya wa abinci baya saboda ɗaci, cikinsa ya ɗaure, mai shi na tsaye yana cewa sammu aka yi masa. Ni abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne, garin da ke cika ledojin nan daga jikin wani abu yake fitowa, kuma buhu-buhu ake nema.

Ruwa ya fara ja da baya bana, sai ga wayar Buba. Shi ba mai yawan magana ba ne, duk ni na kwashe ta gidan. Ya ce, "Yaya, in kana son ganin madacin Dada da ganye, ka zo."

Na hau mota, na hau babur, na shiga kwalekwale ta hanyar da ciyawar kacala ta kusa toshewa. Tun daga nesa na hango shi tsaye, kore, na ce a raina Buba ya cika tsoro. Da na matso sai na ga abin da aka yi masa. An feɗe shi. Daga iyakar inda mutum zai kai in ya taka kafaɗar wani har zuwa saiwa, an zagaye shi kaf, ba a bar ko faɗin yatsa ba. Jikinsa ja, yana tsatstsafo da ruwa kamar bijimin da mahauta suka rataye. A sama ganye na kaɗawa abinsa. Itacen bai san ya mutu ba.

Buba na gindinsa da ƙwaryar kashin shanu da laka, yana shafawa. Ya riga ya yaɓe har iyakar tsayinsa ta gefe guda. Ya ce ya kai shanu wani mashayi ne na kwana biyu, ya dawo ya tarar da sawun amalanke. Masunta sun gaya masa ƙatti ne suka zo da gizago, sun ce na Ila ne.

Na ce, "Buba, wannan shafin na mene ne? Itacen da aka zagaye ai ya tafi."

"Na sani, Yaya. Hannuna ne ya ƙi zama."

Shanu na tsaye a bayanmu suna kallon fadama suna kuka, komin bauri na kife a gefe.

Ran kasuwa ban ko kalli saniyar kowa ba, na wuce teburin Ila kai tsaye. Yana cikin gaya wa lasifika cewa haɗinsa na sa maraƙi ya yi tozo a wata guda.

Na ce, "Kashe abin nan, da kai nake."

"A'a, Kaset ne da kansa. Leda nawa za a ba ka?"

"Wa ya aike ka tudunmu?"

"Wane tudu kuma? Ƙasar nan tudu ɗaya ne da ita?"

"Madacin da mutanenka suka tuɓe wa riga. Ko kare in zai ci gawa yana barin fata."

Ya yi dariya ya juya wurin mutanen da suka fara taruwa. "Ku ji fa. Ni taimakon shanun jama'a nake. Ɓawo ne, zai sake fitowa."

"In aka feɗe ka zagaye, kai ma sai mu jira ka sake fitowa. Kana yanka saniya don ka sha nono, Ila. Baɗi a jikin wa za ka sassaƙa, jikin lasifikar?"

"Baɗi Allah na nan." Ya gyara hula. "Tsaya ma tukuna. Itacen nan na Allah ne, a daji yake. Kakarka ce ta shuka shi?"

Nan ya ɗaure ni. A sanina itace a daji fitowa yake da kansa, kamar gemu. Sai na ɗauki ledar haɗin na jefa masa a ƙirji, ta fashe, ya koma ja kamar an tono shi daga gargari. Masu ba da labari sun ce mutum goma ne suka riƙe ni. Ni na san sun fi haka. Sarkin kara ya zo ya ce a yi haƙuri. Na je wurin mai unguwar yankin tudun, ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce gaskiya abin bai yi daɗi ba, amma itace ba shi da mai shi, a yi haƙuri.

Haƙurin nan shi ne ya fi ƙona mini rai. An sare na farko, a yi haƙuri. An ƙone na biyu, a yi haƙuri. Da a ce akuya Ila ya sace, da yanzu yana bayani a gaban hukuma, amma ya kashe abin da ya girmi ubansa, ana ce mini ba mai shi. Kuma kada wani ya ɗora wa Ila shi kaɗai. Wa ke sayen ledar? Mu ne, masu son bijimi ya cika ido kafin salla ko da cikinsa rami ne. Ni dillali ne, na san yadda muke shafa bayan bijimi muna rantsuwa, na kuma ga hantar da mahauta ke yankewa su jefar a ɓoye. Mun ji cewa ɗaci na da amfani, sai muka yi masa irin cin da Fure ta yi wa zaƙi. Ita aƙalla ƙin dattawan ta yi ta sa aka sare su. Mu son su muka yi har muka kashe su, wannan ko a tatsuniya ban ji ba.

Da fushin ya ƙi sauka sai na nufi gidan Adda Hajjo a bayan gari, don ita ce ta rage mai jure surutuna. Tun rasuwar mijinta fura da nono take sayarwa. Na tarar tana damu a tsakar gida. Na zauna a turmi na zazzage mata komai, na haɗa da tatsuniyar Fure daga farko, har muryar Dada na kwaikwaya. Na kai wurin kututture na tsaya, na buɗe hannuwa na ce, "Kin gani, Adda? Tsohuwar nan ta gama faɗin ƙarshenmu tun muna yara."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sai kuma me ya faru?"

"Sai me kuwa? Ta mutu a gindin kututture."

"Wa ya ce maka ta mutu?"

Ta ajiye ludayi ta ci gaba daga inda na tsaya, kamar jiya aka yi. Wai Fure na kwance sai ga tsohuwar saniya ta hawo tudu. Ta kira waɗanda suka fi ɓarawo ƙarfi suka fitar da shi daga hanta, sannan ta zaro ɗan guntun ɓawon da ta ɓoye a kumatu ta ba Fure, masu gadi suka tashi. Ta tara garke ta ce, "Laifin ba na yarinyar nan kaɗai ba ne. Mun daɗe muna gaisuwa muna cin na dattawa, wa ya taɓa tambayar ina 'ya'yansu?" Daga ranar shanu suka ɗauki alkawari: su ci 'ya'yan Bagaruwa da na Kalgo, su goya irin a ciki, su sauke shi da taki duk inda suka kwana. Shi ya sa kake ganin bagaruwa na tsirowa a tsohon makwancin shanu. Amma irin Madaci falle ne kamar busasshen ganye, saniya ba ta cin sa, iska ke kwasa ta zuba wa Kogi. Sai aka ɗora wa makiyayi: duk hannun da ya ɗaga gizago a kan madaci, shi zai sa irinsa a ƙasa.

"Sannan Dada ta ce, ta koma garke, kowa ya ɗaure maraƙinsa. Haka take rufewa kullum." Adda ta kalle ni. "Ba ka taɓa lura tana dawowa daga tudu da ƙulli a bakin zani ba? Madatan can duk ita ta shuka su, tun tana amarya. Na ƙarshen nan shi ne na fari."

Wato da Ila ya tambaye ni ko kakata ce ta shuka, amsar ita ce e. Ina da amsa mafi daɗi a duniya a gaban kasuwa guda, na tsaya ina jifa da leda.

Ta ja ni bayan madafa. A cikin fasassun tukwane da tsofaffin gwangwanaye, an kewaye da ƙaya saboda awaki, ga 'yan madatai masu ganye ja-ja, wasu ba su wuce tsayin ludayi ba. Ta ce duk shekara Buba na tsinto mata iri, ta raine su, in damina ta sauka ya kai tudu ya dasa. Yawanci awaki da garma ke cinyewa. 'Yan kaɗan sun kama, sun kai gwiwa. "Wataƙila ma ka taka ɗaya ranar da ka je kana huci." Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar ƙwarya mai ragowar ɓawon bara, ta ce in kai wa Buba. Ba zai ishi garke ba, sai dai a jiƙa wa maruƙa. Manyan su gangara da maganin asibiti da addu'a.

Na tsaya ina kallon 'yan itatuwan nan, fushina bai ragu ba, sai ma ya sami wurin zama. Kafin ɗaya daga cikinsu ya yi kaurin da za a ɗora masa gizago, ni da Adda da Ila duk an daɗe da cin gumbarmu. Abin da mace ɗaya ta sa a ƙasa tana amarya, ta yi ta lallashi da laka har ta tsufa, ƙatti sun gama da shi kafin shanu su dawo daga mashayi. Na girma ina ɗauka darasin Dada shi ne a jure ɗaci don a zauna lafiya, abin da ya yi mini daidai, tunda haɗiyewa kawai ake yi. Ashe nauyin yana can baya, a wurin ƙullin bakin zani, kuma duk shekarun da nake cika kara da labarin Dada, mace mai dama fura da mutumin da ba ya magana ne ke ɗauke da shi.

Sai dai mutum ba ya zubar da sunansa a bayan madafa. Na gyara riga na ce, "Adda, ba wai ina musu ba ne. Amma anya ba ke kika ƙara wannan ƙarshen ba? Kin san kaina. Da Dada ta taɓa faɗin haka, da yana cikin kaset."

Ta miƙo mini ƙwaryar ɓawon, ta koma ta ɗauki ludayinta.

"Kaset ɗin ai gyaɗa ke juya shi, Hamidu. Tana ƙarewa a toka kake ɓingirewa, ni ke saɓa ka in kai bukka. Ba ka taɓa jin ƙarshen tatsuniya ko ɗaya ba."